Karkataccen Gilashin Madam Rifkatu

Ku da kuke ganin aikin gilashin mota shafa gam ne a ɗora a tafi, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku yana cewa a wata uku zai gama koyo ya buɗe nasa shago. Allah ya ba da sa'a. Ni na kusa shekara arba'in da gilashi a hannu, kuma aikin da ya fi kowanne muni a rayuwata na yi shi ne a lokacin da nake ganin ba sauran abin da za a koya min. Ranar, saura ƙiris in kashe mutumin da ya koya min sana'ar, da kwaɗon shagona.

Sunansa Baba Arzika. A Argungu na same shi, tun ba a yanke mana jiha ba, cikin wata rumfa kusa da tasha. Zamanin ba a san gam ba. Gilashin gaba da roba yake zama, wata baƙar roba mai kwari da ke zagaye shi. Za ka cusa igiya cikin kwarin, ka shafe ta da sabulun wanki, mutum ɗaya ya danne gilashin daga waje da tafin hannu, ɗayan yana ciki yana jan igiyar sannu sannu har leɓen robar ya hau ƙarfe. Kayan aikinmu duka ba su cika rabin buhu ba: igiya, sabulu, sukudireba biyu da aka dakushe bakinsu da gangan, sai wani ɗan dayamon na yankan gilashi da Baba yake ɗaurewa a mazugin wandonsa, ba ya yarda kowa ya taɓa.

Aikin farko da ya bari na sa hannu, akori-kura ce ta masu ɗauko kifi da shinkafa daga Gulma. Ya ce in danne da tafi, ni kuma don in nuna ƙarfi na danna da kan yatsu. Ƙas! Tsaga ta tashi daga kusurwa har tsakiya. Bai dake ni ba, bai ma zage ni ba. Ya sa na ɗauki fasasshen gilashin a ka, na zaga tasha da shi sau biyu direbobi suna yi min barka da arziki, sannan ya zaunar da ni na ci tuwo. Tun ranar ban ƙara danna gilashi da yatsa ba.

Da kunne Baba yake aiki. Zai ƙwanƙwasa gilashi da ƙashin yatsa ya ce maka nan ya zauna, nan da saura, kuma in ka zuba ruwa sai ka ga daidai wurin da ya faɗa ne yake yoyo. Doka ɗaya ce ba ya sassautawa a kanta. Kafin ka taɓa mota, ka saurara ka ji inji ya yi shiru, ka karɓi makulli daga hannun direba ka jefa a aljihu. Wani direba ne ya taɓa tayar masa da mota yana tsakiyar jan igiya, girgizar ta raba sabon gilashi biyu. Shi ya sa kullum yake nanata min: inji ya yi shiru, makulli na aljihunka, to mota ta mutu. Na ji wannan magana har ta zauna min a jiki kamar alwala, ba sai na yi tunani ba.

Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da motocinsu, sai muka tattara muka dawo Birnin Kebbi. Muka kama shago a hanyar Gwadangaji, ɗaki guda mai cin mota ɗaya, da ƙofar ƙarfe, da 'yar taga da muka liƙe da kwano saboda ɓarayi. Shekarun farko mun sha daɗi. Hanyoyi ake ta yi, tifofi na zubar da tsakuwa, kowace tsakuwa kuwa abincinmu ce.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Abu biyu suka haɗu. Fetur ya ɓace, motoci suka kwana suka wuni a layi, motar da ba ta tafiya kuwa dutse ba ya samun ta. Ga shi kuma motocin da ake shigowa da su ta Kamba sun canja, gilashinsu ba roba, liƙe yake da gam. Ranar farko da aka kawo mana irinsu, na zaga motar sau uku ina neman inda zan sa igiya. Mai motar ya yi dariya ya ja abarsa ya tafi Sakkwato. Mun taɓa yin kwana goma sha ɗaya ba wanda ya tsaya ko tambaya. Abokan sana'armu biyu suka koma kabu-kabu, ɗaya ya koma noman shinkafa. Ni na sayar da tunkiyar matata na tafi Sakkwato, na yi wata guda ina share wa wani mutum shago kyauta don in ga yadda yake yi. A can na ga ana zare wayar kulocin babur, a soka ta tsakanin gilashi da ƙarfe, mutum biyu su yi ta ja kamar masu zarto har tsohon gam ya yanke. Na dawo da bindigar gam da hannaye duk yanka.

Baba bai taɓa son gam ba. Cewa yake aikin ragwaye ne. Amma kafin nan gwiwoyinsa sun riƙe, ba ya iya tsayuwa mai tsawo, sai aikin waya ya zo masa daidai: ya zauna a kujerar gaba ya riƙe bakin wayar ta ciki, ni ina waje. Hannunsa kam har ya bar duniya bai yi rauni ba. Kullum da safe ni nake ɗauko shi a babur. Ranar Juma'a ba ya iya zuwa masallaci, sai ya yi azahar a shago ya miƙe a tabarma can ƙurya. Shi da kansa ya ce in riƙa rufe shi da kwaɗo ta waje, don masu leƙe suna hana shi barci, kuma an taɓa ɗauke mana filaya yana kwance. Mun yi shekaru a haka, ba abin da ya taɓa faruwa.

To, motar Madam Rifkatu. Ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Filato, Kirista, tana zaune a unguwar Gesse tana aiki a Argungu. Kullum tana kan hanyar nan, tsadar fetur ta ishe ta, sai ƙanenta da ke harkar motoci ya samo mata irin wadda ake kira haibirid, mai haɗa batir da fetur. Yanzu sun cika gari, har ku kuna yi musu kallon banza. Lokacin kuwa ban taɓa sa irinta a ido ba. Tifa ce ta harbo mata dutse bayan ta baro Argungu, tsaga ta ratsa daidai idon direba. An nemi gilashin a nan babu, Sakkwato babu. Daga Kwatano ƙanen ya aiko da shi, naɗe cikin tsohuwar katifa, bayan sati shida. Guda ɗaya tak. In ya fashe, sai wani sati shidan.

Da safiyar Juma'a ta kawo ta, farkon damina, hadari na ta haɗuwa yana watsewa. Ina goge reza kawai na ga mota ta sulalo cikin shago ba ƙara ko kaɗan. Na ce a raina, matar nan ta iya tattalin mai, ta kashe inji tun daga titi kamar direbobin tasha. Ta fito ta durƙusa ta gaida Baba, ya tambaye ta mutanen gida da marasa lafiya. Na miƙa hannu a ba ni makulli, sai ta ciro wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana daga jaka. Ba haƙori, ba inda ake murɗawa. Na jujjuya shi, na jefa aljihu kamar na saba da irinsa.

Aikin kansa ya tafi yadda ake so. Na shimfiɗa tsohon bargo a kan dashbod, na rufe shi ruf har allon da ke tsakiya, don kada gam ko ɓarɓashin gilashi ya ɓata mata kaya. Ku ma haka nake sa ku yi. Na cire waifa da robobin gefe, muka ja waya ni da Baba, na kankare tsohon gam na bar masa ɗan siririn gado, na goge ƙarfen tas. Na zuba sabon gam layi ɗaya ba yankewa. Maƙwabcina mai faci ya kama min gefe guda, muka ɗora a tashi ɗaya. Na ɗaure saman da salatif don kada ya zame. Baba ya ƙwanƙwasa kusurwa huɗu ya gyaɗa kai, shi kuwa gyaɗa kansa ya fi yabon wani.

Saura gwaji. Yadda nake yi, a kunna fankar mota a rufe ƙofofi, in shafa kumfar sabulu a gefen gilashi ta waje, inda iska ke fita zai yi ƙwai. Na ce Madam ta tayar min da ita. Ta shiga, ta ɗaga gefen bargon ta danna wani abu, jim kaɗan inji ya kama. Ta nuna min madannin fanka. Sannan ta duba agogo ta ce za ta leƙa kasuwa kafin a tashi masallaci, gobe da safe za ta zo ɗaukar mota, tunda na ce sai gam ya kwana.

"Malam Ummaru, in ka gama sai ka kashe ta. Ka san yadda ake yi ko?"

Na ce, "Haba Madam. Shekara nawa ina cikin motoci?"

Wallahi ban sani ba. Amma ga mai faci a tsaye, ga Baba na ji, kuma mace ce ke tambaya. Girman kai ne kawai, ba shi da wani suna.

Na gama gwaji, ba ƙwai ko ɗaya. Na shiga na danna madannin fanka, iska ta ɗauke. Kamar an shirya, daidai lokacin inji ma ya yi tsit. Na kasa kunne. Shiru. Na taɓa aljihu, makulli na nan. To mota ta mutu mana. Na sauke gilasan gefe da faɗin yatsa biyu, yadda ko wani ya buga ƙofa iska ba za ta turo sabon gilashin ba. Kun ji wurin da ya kamata in farga: motar da ta mutu, me ya ba gilasanta ƙarfin sauka? Ban tsaya tunani ba. Da na fito na tura ƙofa a hankali, motar ta yi wani ɗan kuka sau uku. Na ce motocin zamani ba sa rabo da tsiwa. Ashe faɗa min take yi an fita da makulli tana kunne. Fitilun da za su nuna min kuwa suna ƙarƙashin bargon da na shimfiɗa da hannuna.

Irin motar nan, in ba ka danna madanninta na kashewa ba, barcin zomo take yi. Tana zaune kan batir shiru, in batir ya yi ƙasa sai inji ya tashi da kansa ya cika shi, ya sake yin shiru, ya sake tashi. Duk wannan daga baya na sani. Ranar dai iska ta taso da yayi, na ji tsoron kada ya manne a gam, na tattaro tsummoki na toshe ƙasan ƙofar shago da kyau. Baba ya riga ya miƙe a tabarmarsa, kansa bai fi taku biyu daga bakin salansa ba. Na ce sai na dawo, ya ce in sa shi a addu'a. Na datse kwaɗo na hau babur.

Na yi sallata hankali kwance. Har na tsaya sayen rake.

Da na karyo kwanar shago, ƙofar na fara gani, a wangale, ɓari ɗaya ya lanƙwashe. Ba mota. Na jefar da babur na shiga, ba Baba, sai tabarma da butarsa a kife, ga wani wari mai hawa kai. Ɓarayi ne suka fara zo min a rai, amma wane ɓarawo zai ɗauki tsoho? Na fito ina kiran sunansa. Sai ga Inna Kulu, mai dakan fura a gidan da ke bayanmu, ta fito da taɓarya tsagagge a hannu, ko mayafin kirki babu.

Ta ce, "Ummaru, kai mi kay yi haka? Ka rufe tsoho da hayaƙi awa ɓera! Maza asibiti, can mai motar tat tafi da shi. Shina numfashi sa'ad da sunka tashi."

A hanya ban san yadda na tuƙa ba. Kalma ɗaya nake ta maimaitawa, yana numfashi, yana numfashi.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda suka ba ni labari. Madam ta gama kasuwa ta isa Gesse, sai ta tarar makullan gidanta suna cikin mota. Ta hau kabu-kabu ta dawo ko za ta same ni kafin in fita. Ta tarar da kwaɗo, har za ta juya, sai ta ji inji na aiki a ciki. Ta san Baba na nan, don da safe ta ji muna maganar rufe shi a shago. Ta buga, ta kira, ba amsa. Mai kabu-kabun ya riga ya wuce, titi ba namiji ko ɗaya, kowa na masallaci, wayata kuma a kashe. Ita ta ga abin da hayaƙin janareto ke yi wa mutane a rufaffen ɗaki, ba sau ɗaya ba. Ta faɗa gidan Inna Kulu ba sallama. Mata huɗu suka fito da taɓare, suka yi wa kwaɗon nan dakan gero har maƙalarsa ta tsinke. Suka jawo Baba waje, jikinsa sharaf, ana kira ba ya amsawa.

Nan ne ta yi abin da har gobe nake sara mata. Hannunta har ya kai kan madannin kashewa, ta tsaya. In ta kashe, motar ba za ta sake tashi ba, don makulli na aljihuna a sahun masallaci. Kuma duk titin ba wata mota sai ita. Ta san gam bai kama ba, ta san sati shida ta jira gilashin nan. Ta yaye bargon ta jefar, ta yi baya da mota, suka kwantar da shi a kujerar baya da tagogi a buɗe, ta bi ramukan hanyar nan a guje.

Na same shi an sa masa robar iska a hanci, Madam na tsaye a kansa da kayan kasuwa a jikinta. Na kasa haɗa ido da ita. Ba ta ce min komai ba sai "Zauna, Malam, ka sha ruwa." Wajen la'asar Baba ya buɗe ido. Ya dube ni ya ce kansa na sara, kuma wa ya ba ni izinin kuka gaban mata. Daɗin da na ji a lokacin, ban ji irinsa ba ko ranar da aka yi min haihuwar fari. Na fita waje na zauna a ƙasa, na yi ta hamdala har bakina ya bushe.

Kwana biyu ya yi aka sallame shi. Na roƙe shi ya huta a gida, ya ce a shago zai huta. Na sayo wa Inna Kulu sabuwar taɓarya, ta karɓa ta ƙara min da faɗa. Na cire kwanon tagar nan, har yau ba a mayar ba.

Ran Litinin da yamma Madam ta biyo da motar daga Argungu. Tun daga nesa na gani. Ramukan hanya sun zamar da gilashin, ya sauka ta hagu, kuma gam ya kama shi a haka. Baba ya sa aka kai shi jikin motar, ya bi gefen da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya tsuke baki.

"Ya karkace da yatsa guda. Wagga kusurwa za ta yi fito in an yi gudu."

Madam ta yi dariya ta ce ai tun daga Argungu yake yi mata fito. Na ce ta bar min ita in yanke in sake ɗorawa, ba ko sisi. Ta tambaye ni ko zai iya fashewa wajen cirewa, na ce zai iya. Ta tambaya ko zai faɗo, na ce ba zai faɗo ba, ya kama gam-gam, ruwa ma zan toshe masa, muni ne kawai da fito. Ta ce to a bar shi, tana son ta riƙa jin sa. Shekara da shekaru motar nan tana yawo tsakanin nan da Argungu da karkataccen gilashi, kowa a garin nan ya san aikina ne. Masu gilashi sun yi min dariya har sun gaji. Ban taɓa musu ba, kuma duk ranar da ta wuce ta ƙofar shago sai na ji sanyi a raina.

Kafin ta tafi ranar, mutane sun taru, mai faci da makanikai da matan gidan Inna Kulu a bakin zaure. Na cire hula na goge zufa, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Madam, ban san yadda ake kashe motar nan ba. Don Allah ki nuna min."

Ba ta yi min dariya ba. Ta buɗe ƙofa ta ce in leƙo. Ina sunkuyawa sai na ji an dafa kafaɗata da nauyi. Baba ne, ya jawo gwiwoyin nan nasa da sanda har bakin ƙofa, mutumin da ya fara taɓa mota tun ba a haifi Madam ba.

Ya ce, "Matsa, Ummaru. Ni nib ba ka waccan doka. Bari ni ma a gwada min."